Bijimin da Haliru Ya Zaɓa wa Mai Ɗamara

A unguwarsu a Gadarif, in ka tambayi gidan Haliru mai zaɓen bijimai, sai dai dattawa su gane. Amma ka ce gidan mai teku a ɗaki, ko mai sayar da gawayi zai nuna maka da baki. Abin yana sosa masa rai, don shekara arba'in ya yi ana zuwa ɗaukarsa a kai shi kasuwar dabbobi ya duba wa mutane sa kafin su saya, kuma ba a taɓa dawo masa da ƙorafi ba. A ruga aka haife shi, can wajen Hawata a bakin kogin Rahad, ya bi shanu har gemu ya fito masa. Fari ya ci rabin garken, manyan gonakin inji suka cinye makiyaya, aka sayar da abin da ya rage, shi kuma ya hau tarakta yana noma wa wasu riɗi da dawa har bayansa ya ce ya isa haka. Shanun sun tafi, idon bai tafi ba. Ga shi kuma da furfurarsa, mutumin da bai taɓa sa kifi a bakinsa ba, an mai da shi makiyayin kifi.

'Yarsa Raniya ce ta ja masa. Ta yi karatun halittun teku a Bur Sudan, tana shirin kama aiki sai ciwo ya kwantar da mahaifiyarta, Zubaida, ta tattaro ta dawo jinya. Wata tara ta yi. A cikin watannin nan ne ta kafa akwatin gilashi mai tsawon kamu uku a guɗɗiyyar uwar, wato zagayayyen ɗakin nan na ciyawa, don ya fi ko'ina sanyi a gidan. Ta jera duwatsun murjani a ciki, ta ɗora faifan sola a kan rumfa saboda wutar gari ba abin dogaro ba ce. Ruwan kuwa Nu'uman ne ke kawo shi jarka-jarka daga Bahar Maliya. Nu'uman abokin Haliru ne tun suna samari, direban lori, yana kai riɗi tashar jiragen ruwa ya dawo da gishiri da siminti. Zubaida takan kwanta a gadonta na igiya ta yi ta kallon kifin farko da aka saka, wata 'yar ja-ja mai farar ɗamara biyu, wadda Raniya ta ce mace ce. Zubaida ce ta raɗa mata suna Mai Ɗamara. Da Zubaida ta rasu aka yi arba'in, Raniya ta sami aiki a Oman, ta tafi ta bar wa uban akwatin.

To, Raniya 'yar fari ce, Haliru kuma Bafulatani ne irin na da, ko da yake Hausa da Larabci sun daɗe da kore Fulatanci daga gidansa. A wurinsu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi, ko da kuwa son yana neman kashe shi. Shekara ashirin da tara sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba, "yarinyar nan" yake cewa. Zubaida ita 'yar gari ce, tun Raniya tana goye ta yi fatali da kunyar, sai ta zama ita ce mai kai wa da kawowa. Haliru ya dube ta ya ce, "Ki gaya wa 'yarki ta rage yawo a rana," alhali 'yar tana zaune taku biyu daga gare shi tana tsintar wake. Ita kuma ta ce, "Inna, ki ce wa Yaba na ji." Haka suka rayu, kuma babu wanda ya ji an rage shi da komai. Sai da aka binne Zubaida, uba da 'ya suka tsinci kansu a tsakar gida kowa yana kallon ƙasa.

Ranar da za ta tafi ta manna takarda a jikin gilashin, rubutun Larabci da jan biro. Ba shi ta karanta wa ba. Gwaggonta Ummusalama ta karanta wa, ƙanwar Haliru da ke aure a bayan layinsu, ta kuma ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji. Shi kuwa yana bakin ƙofar yana gyaran wani ƙusa da babu abin da ya same shi.

Kifi bakwai ne a takardar, kowanne da lambarsa. Ba a zuba su gaba ɗaya. Ɗaya ake sakawa, a bar ruwa ya saba da shi makonni, sannan na gaba. Masu haƙuri su ne a farko, su kama wurin zamansu. Masifaffen cikinsu, wani shuɗi mai rawayar wutsiya, shi ne na bakwai, don in ya riga kowa shiga sai ya ɗauka akwatin gadon ubansa ne. Ba a haɗa biyu masu kama ɗaya. In zafi ya shanye ruwa, ruwan daɗi ake ƙarawa, ba na gishiri ba. A gaban sunan Mai Ɗamara kuma ta rubuta, har da ja layi biyu a ƙarƙashi: ita kaɗai, sai na faɗa.

Haliru ya ji duka, ya kuma yarda da kusan duka, don bai ga inda abin ya bambanta da garke ba. Wa ke sakin sa mai faɗa cikin maruƙa? Ya riƙe amanar nan fiye da yadda ya taɓa riƙe tasa dabbar. Kullum da hantsi ya goge gilashi, ya duba tsinken auna gishiri, ya juya fanka ta fuskanci ruwa. In ya sa hannu zai gyara dutse, Mai Ɗamara ta fito daga gidanta, wata halitta mai laushi mai yatsu barkatai da take kwana a ciki, ta gartsa masa cizo a bayan hannu. Sai ya yi dariya shi kaɗai ya ce, "Haka uwar ɗakinki take, ba a taɓa mata kaya."

Kowace Juma'a bayan la'asar waya takan yi ƙara. Yakan riƙe ta idonta na baya yana fuskantar gilashi, Raniya tana ganin kifi, shi kuma yana ganin fuskarta a allon wayar. A nan ne ya fara kallon 'yarsa ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tana gabansa, don ya san ba ta ganinsa.

"Salamu alaikum, Yaba. Yaya Mai Ɗamara?"

"Kwayyis, lafiya lau. Tana nan."

"Tana cin abinci? Ba wai ta taɓa ta bari ba?"

"Tana ci. Da safe ne dai ba ta cika so ba."

"A dinga daurewa ana ci da safen. Kuma jarkokin nan, a daina ɗaga su da hannu ɗaya, a jira Baffa Nu'uman ya kama."

"Tamam, an ji. Kifayen can wajenku fa, ana barin su su huta?"

"Ana bari, Yaba. Aikin ne da yawa bas, ba wani abu ba."

Ummusalama ta taɓa jin su, ta ce Allah ya shirye su su biyun, ita dai ba ta taɓa ganin kifin da ke ɗaga jarka ba. Haliru ya yi kamar da bango take. Minti goma sha biyar ne, wani lokaci ashirin in layi ya yi kirki, kuma a kansu yake rataye sauran kwana shidan mako. Ya sani sarai in babu kifin nan, shi da yarinyar nan babu abin da za su iya ce wa juna.

Gidan ya yi masa yawa. Ƙannen Raniya maza biyu ne, ɗaya yana Fau yana noman rani, ɗaya yana Basunda, sai Salla-Salla ake ganinsu. Da yaƙi ya koro mutane daga Madani, wasu iyali sun zauna a ɗakunan sama da shekara, har ya saba da hayaniyarsu da hayaƙin kisirarsu, wainar nan ta dawa. Hanya tana buɗewa suka yi godiya suka koma. Yanzu in ya dafa jabana, wato gahawa, sai ya ga ya wanke finjali biyu bisa sabo, ya mai da ɗaya. Kaɗaici ya kama shi sosai, irin wanda mutum ke jin ƙarar haɗiyar yawunsa. Sai ya ja kujera gaban gilashi ya yi tagumi har a kira azahar.

A lokacin an kai lamba uku a takarda. Na biyu wani ɗan shunayya ne mai yawan leƙe-leƙe a ramuka, harkar gabansa kawai yake yi. Na uku ɗan ruwan ƙasa ne mai manyan idanu, shi kuma tare ya zo da wani jatan lande da ba ya gani sosai. Rami ɗaya suke kwana. Jatan landen yana haƙa yana fitar da yashi, kifin yana bakin rami yana gadi, in ya ga motsi ya kaɗa wutsiya su faɗa ciki tare. Haliru yakan daɗe yana kallonsu, sannan ya dubi Mai Ɗamara can gefe cikin gidanta, tana shiga tana fita, babu mai taya ta. Ya ce a ransa wannan zalunci ne. Ubansa ya sha faɗa masa cewa saniyar da aka ɗaure ita kaɗai, ko ciyawa ta kai mata wuya ramewa take yi. Kuma a wurin makiyayi, in aka ba ka amanar dabba mace ka mayar da ita yadda aka ba ka, ba ka yi kiwo ba, gadi ka yi.

Da Ummusalama ta kawo masa asida, tuwon ƙasar, ranar wata Litinin, ya faɗa mata zai nemo wa Mai Ɗamara namiji.

"Ka tambayi mai ita mana, Yaya. Ba ga takarda nan ba?"

"In tambayi yarinyar nan zancen namiji da mace? Da bakin nan nawa?"

"To ni in tambaya maka."

"Ke in kika tambaya, sai ta ce habaici ake yi mata don ba ta yi aure ba. Ki bar shi."

Ya duba takardar ya sake dubawa. Sai na faɗa, in ji ta. Wata goma sha huɗu ba ta faɗa ba. Shi a ganinsa dalilin a fili yake: kunyar da ta hana shi tambaya ita ta hana ta faɗa. To shi ne babba, shi zai ɗauke musu nauyin su biyun. Har ya fara hango Juma'ar da zai juya waya ta ga kifi biyu a gida ɗaya, ta ce masha Allah.

Kaka ce, ana yankan riɗi ba ji ba gani, lorin Nu'uman ba ya kwana biyu a wuri ɗaya. Da ya isa Bur Sudan ya nemi Yunus, masuncin da Raniya ke karɓar kifi a wurinsa, ya kira Haliru ya haska masa cikin wani baho. Irin Mai Ɗamara ne guda biyar a ciki, kowanne an raba shi da ɗan'uwansa da raga. Haliru ya gyara zama, ya ce a matso da wayar. Abin da ya iya ke nan a duniya. Ya duba faɗin ƙirji, ya duba cikar baya, ya duba yadda kowanne ke tsayawa in inuwa ta gifta. Huɗu suka watse, ɗaya ya tsaya cak yana kallon sama, ƙato, jansa har ya doshi baƙi.

"Wancan," in ji Haliru.

Aka yi 'yar magana a gefe. Nu'uman ya dawo kan waya. "Ya zol, mutumina, Yunus ya ce ba wannan ba. Ya ce ɗan ƙaramin can na lungu za ka ɗauka, in dai da babba a wurinka."

Haliru ya dubi ɗan ƙaramin. Bai kai ɗan yatsa ba, kodaɗɗe, sai raɓewa yake yi. "Wannan? Wannan ko kyauta aka ba ni a kasuwa ai ba na kai shi gida. Ka tambayi Yunus bijimi nawa ya taɓa zaɓa."

"Lakin shi ɗan bahar ne, Haliru, ai a teku ya tashi. Ya ce manya biyu ba sa zama."

"Mata biyu ne ba sa zama. Wannan kai ma kana ganinsa ka san namiji ne. Halas, magana ta ƙare, ka ɗauko shi."

Yunus ya ɗaga kafaɗa. Nu'uman kuwa shekara hamsin ya yi bai taɓa cin Haliru a gardamar dabba ba, bai ga dalilin farawa a kan kifi ba. Ya sa ƙaton a kula da 'yar na'urar hura iska, ya ajiye a gaban mota kusa da ƙafarsa, ya biyo ta Kasala yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai.

A gaskiya Haliru bai yi ganganci wajen saukar baƙon ba. Ya ɗiga masa ruwan akwati kaɗan-kaɗan har ya saba, yadda takarda ta ce. Ya ƙara da nasa ilimin: ba a sakin baƙuwar dabba cikin garke ranar da ta zo, ɗaure ta ake yi a gefe a shinshini juna. Ya samo kwandon roba mai ƙananan huji, ya rataye shi cikin ruwa, ya sa baƙon a ciki. Kwana uku Mai Ɗamara tana zagaya kwandon tana kai masa cizo, baƙon yana ramawa daga ciki, har kana jin wata 'yar ƙara ƙas-ƙas daga bakunansu. Haliru ya ce ba komai, ai shanu ma sai sun gwada ƙaho kafin kowa ya san matsayinsa.

Ranar Alhamis da hantsi ya yi bisimilla ya karkata kwandon.

Baƙon bai yi wata-wata ba, ya nufi gidan Mai Ɗamara kai tsaye. Ta tare shi. Suka kama bakin juna suka yi ta juyawa, yashi ya tashi, ɗan shunayya ya ɓace, mai gadi da jatan landensa suka faɗa rami. Haliru ya hana hannunsa shiga. Ya ga irin wannan sau ɗari. Mai raba bijimai tun ba su gama ba, gobe ma sai ya raba. In ka bar su, ɗaya zai sunkuyar da kai ya ja gefe, shi ke nan an zauna lafiya har abada. Ya ga Mai Ɗamara ta saki ta gudu bayan dutse, ya ce alhamdu lillahi, an gama. Aka kira azahar, ya ɗauki carbinsa ya fita. Daga masallaci kuma aka ja shi ya duba wa wani maƙwabci ɗan maraƙi, bai dawo ba sai gab da la'asar.

Abin da bai lissafa ba shi ne, a makiyaya wanda aka kayar yana da daji. Yakan yi nisa har mai nasara ya manta da shi. A akwati mai kamu uku babu inda za a je. Ya tarar da Mai Ɗamara a can saman lungu, bayan bututun ruwa, ta jingina da gilashi a karkace. Wutsiyarta ta zama tsumma, leɓenta ya yage, jan jikinta ya koɗe, tana numfashi da sauri-sauri. Baƙon yana kwance cikin gidanta yana birgima a yatsun nan masu laushi, in ya huta ya taso ya ƙara mata ya koma.

Haliru ya sa hannu biyu ya tallabo ta, ba ta ko yi yunƙurin cizonsa ba, kuma wannan ne ya fi komai karya masa zuciya. Ya sa ta a kwandon. Ya murƙushe mata abinci, ba ta duba ba. Ya ƙara iska, ya sauya ruwa jarka guda, ya karanta takardar nan daga sama har ƙasa ko akwai maganin irin wannan. Babu, don wadda ta rubuta ta ba ta zaci za a kai nan ba. Da gari ya waye ranar Juma'a ya same ta a ƙasan kwandon, ta ƙame.

Ya naɗe ta a ƙyalle, ya tona rami a gindin lemun tsamin da Zubaida ke zama tana soya bunnu, 'ya'yan gahawa, ya rufe. Bai karya kumallo ba. Ya dai zuba wa sauran abinci, har da baƙon, don dabba ba ta da laifi kuma ba a horon ta da yunwa. Ya je Juma'a ya dawo bai san abin da liman ya ce ba.

Ummusalama ta shigo da kwano, ta ga fuskarsa, ta leƙa gilashi, ta gane. Ta yi salati ta zauna a bakin gado.

"Yaya, ka ji shawarata. Kamarsu ɗaya. Ka haska mata wannan daga nesa, ka ce ƙiba ta yi. Wayar nan ma rabin lokaci dishi-dishi take nunawa."

"Ni in nuna wa mai dabba wata dabbar in ce tata ce?"

"To me za ka ce mata? In ta ji, wace magana kuma ta rage muku?"

Tambayar da ke cin sa ke nan tun asuba. Ummusalama ta fita tsakar gida tana 'yan kintse-kintsen da ba a sa ta ba.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Ya bar ta ta yi sau huɗu kafin ya ɗauka. Ya riƙe ta yadda ya saba, idonta yana kallon gilashi. Fuskar Raniya ta fito, da alama daga wurin aiki take, gyalenta ya ɗan zame.

"Salamu alaikum, Yaba. Yaya Mai..."

Ta tsaya. Ya ga ta matso da fuskarta, ya ga idonta yana bin kifin nan daga kai har wutsiya. Jininsa ce, ba za a ɓoye mata dabba ba.

"Wannan ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce," in ji shi. Ya faɗa mata duka, yana kallon gilashi: yadda ya ga ta yi kaɗaici, da bahon Yunus, da kwando, da fitarsa azahar, da gindin lemun tsami. Bai rage komai ba, har maganar ɗan ƙaramin da ya raina.

Da ta yi magana, muryarta a sanyaye take, irin ta mai karanta takarda. "Irinsu duk wanda ya girma haka mace ne, Yaba. Ƙananan su ne maza. In babbar tana nan, ƙaramin yakan zauna a ƙaraminsa ya bi ta. Mace ka kawo mata." Ta share hanci da bakin gyale. "Jira nake Yunus ya samo ɗan ƙarami sosai, in aiko. Da an tambaye ni."

"Ta yaya za a tambaye ki?"

Ita ma ta san amsar, sai ta sunkuyar da kai. Ƙarar fanka kawai ake ji da ɓulɓular ruwa. Kifin da Inna ta raɗa wa suna ya tafi, kuma su biyun babu wanda zai iya buɗe baki ya tambayi lafiyar baƙuwar da ta kashe Mai Ɗamara. Ya ga leɓen Raniya yana motsi tana neman abin faɗa, ba ta samu ba. Shi ma ya laluba ko'ina a kansa, wayam.

"To," in ji ta a ƙarshe. "Ma'alesh, ba komai. Allah ya sa haka ya fi alheri. A bar wannan ɗin ita kaɗai, kada a ƙara komai." Ta ɗan jira. "Shi ke nan, Yaba. Sai... sai an kwana biyu."

Ba ta ce sai Juma'a ba. Ya ji wannan sarai. Ya ga hannunta ya taso ya nufi allon, ya kuma hango Juma'o'in da ke tafe a jere, shi da kujera da finjali ɗaya. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da aka sayar da saniyar ƙarshe. Bai san inda ake dannawa a juya idon wayar ba, bai taɓa buƙata ba. Sai ya juya wayar gaba ɗayanta da hannu, allon ya koma wajen kifi, idon ya fuskance shi. Yanzu ita ke ganinsa, shi ba ya ganinta.

"Raniya."

A tsakar gida wani murfin kwano ya faɗi ya yi ta karkaɗawa a ƙasa. Sunan ya fito masa a karkace, kamar kalmar wani yare, sai ya sake faɗa don ya tabbata ta ji.

"Raniya, kada ki kashe. Gidan nan ya yi mini girma. Ba ni da wanda nake ce wa komai."

Yana kallon baƙin bayan wayar, bai san ko tana nan ko layi ya yanke ba. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, amma bai sauke hannun ba. Can sai ya ji an ja numfashi, irin na mai kuka da ba ya so a ji.

"Yaba," in ji ta. "Gemunka duk ya yi fari. Yaushe ka rame haka?"

"Da safe ne ba na cika son ci ba."

"Na sani," in ji ta. "Kullum kana faɗa mini."

Daga nan kuma suka rasa ta cewa, don ba su iya ba, babu wanda ya taɓa koya musu. Ya ja kujera ya zauna da wayar a gaban fuskarsa, hannu ya gaji ya sauya ɗaya. Ta tambaye shi ko lemun tsamin ya yi 'ya'ya bana, ya ce ya yi kaɗan. Minti ashirin ɗin suka wuce, rana ta sauka daga kan rumfa, har aka fara kiran magariba a masallacin unguwa babu wanda ya kashe a cikinsu.